Tambayi Kawu: Wai wane ne wannan Tanaka da yaranmu ke kwana kallon yaƙinsa?

Jama'a assalamu alaikum. Tun ranar da na yi suɓutar baki a wannan fili na ce akwai wani marubuci ɗan Jafan da ya hana ni barci sati biyu, wayata bata huta ba, saƙonni sai shigowa suke, wasu tambaya, wasu tsiya, har da wanda ya ce Kawu da furfurarka kake kallon katun. Na ji na gode. Na tsinto guda biyar a ciki, na rage musu tsawo dan wasunku in suka fara rubutu sai ka ce wasiƙar neman aure. Gargaɗi tun wuri, zan faɗi waɗanda suka mutu a labaran, wanda baya son a ɓata mishi kallo ya tsallake amsa ta biyu da ta uku.

Tambaya ta farko, daga wani ɗalibi a Tudun Wada: Kawu barka da aiki. Wani abokina ya tura min wani katun na yaƙin sararin samaniya, kashi 110 ne, da farko na ɗauka shirme ne irin na yara amma yanzu na kai kashi na 40 na kasa dainawa. Ya ce wai asalinshi littafi ne. Waye ya rubuta, kuma soja ne shi?

Ɗana, ba soja bane, ɗan boko ne mai cin littafin tarihi kamar tuwo. Sunanshi Yoshiki Tanaka, an haife shi ranar 22 ga Oktoba 1952 a garin Hondo da ke tsibirin Amakusa a jihar Kumamoto, can kudancin Jafan. Ka riƙe shekarar nan, dan a 1952 ɗin ne Amurka ta kawo ƙarshen mamayar da ta yi wa Jafan bayan yaƙin duniya na biyu, wato yaron ya tashi ne a cikin mutanen da suka ga yadda sojojinsu suka ƙwace ragamar ƙasa a shekarun 1930 suka ja ta har cikin rami, aka jefa mata bama-baman nukiliya biyu a 1945. Duk wanda ya girma a irin wannan gida ba sai an koya mishi tsoron mai kaki da ya ce shi zai gyara ƙasa ba.

Ya yi karatu a jami'ar Gakushuin da ke Tokiyo, makarantar da 'ya'yan gidan sarautar Jafan suka saba zuwa, kuma adabin Jafananci ya karanta har matakin karatun digiri na uku. Yana ɗalibi ya fara rubutu, a 1978 ya ci gasar sababbin marubuta ta wata mujalla mai suna Gen'eijo da wani gajeren labari, lokacin ma da wani suna na aro yake rubutu. Sai a 1982 kamfanin ɗab'i na Tokuma Shoten ya fitar da littafi na farko na abun da kake kallo, sunanshi da yarensu Ginga Eiyu Densetsu, in za mu Hausantar sai mu ce Tarihin Jaruman Taurari, in kuma a intanet zaka nema to da sunan Legend of the Galactic Heroes zaka same shi. Littafi goma ne, ya gama su a 1987, shekara biyar kacal, ban da wasu na gefe da ya ƙara da ke bada labarin ƙuruciyar jaruman. A 1988 aka bashi kyautar Seiun, wadda masu karatun ƙagaggun labaran kimiyya na Jafan ke zaɓa da kansu.

Shi kuma katun ɗin da ke wayarka an fara shi 1988 aka gama 1997, wani darakta Noboru Ishiguro ya jagorance shi, kuma ba a talabijin aka fara nuna shi ba, kaset ɗin bidiyo ake aika wa waɗanda suka biya kuɗi ta gidan waya, kashi-kashi. Ka duba haƙuri, kusan shekara goma mutum na jiran kaset, kai kuma yanzu in data ta ƙare maka minti biyar sai ka fara zagin kamfani. An sake yin sabo daga 2018, zanenshi ya fi ƙyalli, amma ni dai tsohon nake so, kiɗan turawa na da can irin su Beethoven da Mahler ke tashi ana ɓarin wuta.

Abun da ya sa ka kasa dainawa kuwa zan gaya maka. Babu dodanni daga wata duniya a ciki, babu mutum-mutumi mai yaƙi, duk 'yan Adam ne da halinsu na son mulki da hassada da cin amana. Tanaka ya ɗauko tarihin daulolin Sin da na Jamus da zamanin Napoleon ne ya ɗora a kan jiragen sararin samaniya, har muryar mai bada labarin ma ta masanin tarihi ce da ke waiwayen abun da ya wuce. Dubi yaƙin farko na Astarte, Reinhard, matashin janar ɗin daula, da jirage 20,000, abokan gaba 40,000 sun kasu uku za su yi mishi ƙawanya, shi kuma bai tsaya jira ba ya bi su ɗaya bayan ɗaya kafin su haɗu. Wannan ai dabarar mahaya dawaki ce. Har da gatari suke sara in an haɗu gaba da gaba, saboda ya ƙirƙiro wata iska da in aka watsa ta duk wanda ya harba bindiga wurin zai kama da wuta gaba ɗaya. Mutumin so yake a yi yaƙin takobi kawai, kimiyyar fakewa ce.

Tambaya ta biyu, daga wani dattijo tsohon soja a Kawo: Malam, jikana ya zaunar da ni na kalli wani ɓangare. Abun da na fahimta shi ne marubucin nan yana goyon bayan mulkin mutum ɗaya mai ƙarfi, dan yaron nan mai farin gashi adali ne, 'yan siyasar ɗaya ɓangaren kuwa ɓarayi ne. Ni dama na daɗe ina faɗa, talaka bai damu da ƙuri'a ba, abinci da tsaro yake so. Ko ba haka ba?

Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara girma. Wannan tambaya taka ita ce littafin gaba ɗaya, kuma wallahi ita ce dai gardamar da nake ji kusan kullum a teburin mai shayin layinmu, da an yi maganar farashin mudun shinkafa sai wani ya buga kofi a tebur ya ce gara soja. Bari in bi ta a hankali dan masu karatun da basu kalla ba.

Ƙasa biyu ne ke yaƙi sama da shekara 150. Ɗaya daula ce ta gidan sarautar Goldenbaum wadda ta yi kusan shekara 500 tana mulki, masu sarauta na sheƙe aya talaka na noma musu. Ɗayar kuma jamhuriya ce ta jikokin waɗanda suka gudo daga bautar daular, suna da majalisa suna da zaɓe. A tsakani ga Fezzan, garin 'yan kasuwa mai bai wa kowane ɓangare bashi yana cin riba, irin dillalin da baya son a sasanta. Reinhard, mai gashin nan kamar zinare, ɗan wani talakan basarake ne, yana ɗan shekara goma sarki ya ɗauke yayarshi Annerose ya kai ta cikin ƙwaraƙwaranshi, uban ya karɓi kuɗi ya yi shiru. Yaron ya shiga soja da niyya ɗaya, ya tumɓuke gidan sarautar. Kuma ya tumɓuke, ya ƙwace dukiyar masu sarauta, ya gyara haraji da shari'a, talakawa na ta sa mishi albarka. Har nan Baba kana da gaskiya, Tanaka bai ɓoye ba, mulkin yaron ya fi na 'yan siyasar can tsafta nesa ba kusa ba.

'Yan siyasar kuwa ya yi musu tsirara. Akwai inda majalisar ministocin jamhuriya ta zauna ta ga farin jininta ya faɗi ga zaɓe na tafe, kawai sai ta amince a kai wa daula mamaya dan a samu abun kamfe, aka tura mutum miliyan 30, wajen miliyan 20 basu dawo ba. Ga kuma Trunicht, ɗan siyasa mai zaƙin baki wanda ke hawa mumbari yana kiran matasa su mutu dan ƙasa shi kuma bai taɓa jin warin harsashi ba, in abu ya ɓaci sai ya ɓace, in ƙura ta lafa sai ga shi da sabuwar kwat. Na san kowa a cikinmu akwai fuskar da ta faɗo mishi a rai, kowa ya riƙe tashi.

To amma Baba jikanka bai kai ka wurin da maganar take ba. Akwai ɗaya jarumin, Yang Wen-li, janar ɗin jamhuriya. Shi wannan ko kaɗan bai so aikin soja ba, tarihi yake son karantawa, babanshi ɗan kasuwa ya rasu yana ɗan shekara 16 ya bar mishi tarin kayan tarihi da aka gano kusan duk jabu ne, ba kuɗin makaranta, sai ya ga makarantar horar da hafsoshi na koyar da tarihi kyauta ya shiga. Mu nan Kaduna da NDA ke maƙwabtaka da mu tun 1964 mun san irin yaran nan, ba duk wanda ya sa kaki bane dan son bindiga. Raggo ne, baya iya harbi, baya iya gyara ɗakinshi, hularshi kullum a karkace, burinshi kawai ya yi ritaya ya ci fansho yana shan shayi. Amma shi ne ya ƙwace Iserlohn, ganuwar daula a sararin samaniya, da aka kai wa hari sau shida ana kwasar gawa, shi da rabin runduna da wayo, ya tura mutanenshi cikin kayan abokan gaba suka shiga ta ƙofa.

Sau biyu mulki na zuwa har gaban Yang yana kau da kai. Na farko, wasu hafsoshi suka gaji da ɓarnar 'yan siyasa suka yi juyin mulki, shugabansu Admiral Greenhill mutumin kirki ne da kowa ke girmamawa, kuma 'yarshi Frederica ita ce mataimakiyar Yang wadda daga baya ma ya aura. Kowa ya ɗauka zai bi su. Ya yaƙe su ya murƙushe su ya mayar wa su Trunicht ɗin da ya tsana kujerarsu. Kuma Tanaka ya nuna abun da masu gyaran suka yi kafin su faɗi, an hana taro, an toshe bakin jarida, an buɗe wa masu zanga-zangar lumana wuta a filin wasa. Na biyu shi ne wanda ya sa na ajiye waya na tashi tsaye. A daren ne aka ɗauke mana wuta, ina zaune a tabarma a tsakar gida da ɗan ƙanwata, wayar na kan bokiti mun jingina ta da kwalbar man shafawa, caji saura kashi tara, sauro na ta cizo. Yaƙin Vermilion, Yang ya ritsa jirgin Reinhard, ga shi nan a bakin bindiga, kalma ɗaya zai faɗa a gama da daula. Sai ga saƙo daga gwamnati, wai a tsagaita wuta, dan wata rundunar daula ta zagaya ta tsaya a kan babban birni, Trunicht ya tsorata ya miƙa wuya. Hafsoshin Yang na roƙonshi ya yi kamar bai ji ba. Ya ce a ja da baya. Ɗan ƙanwata ya yi tsaki ya ce wannan ai sakarai ne Kawu, ni ma a lokacin ban iya ce mishi komai ba.

Dalilin Yang, in na taƙaita da bakina, shi ne ranar da janar ya fara zaɓar umarnin da zai bi da wanda zai ƙi saboda yana ganin shi ya fi sanin daidai, to an buɗe ƙofar da ba mai iya rufewa, dan janar na gaba shi ma zai ce ya fi sani. Da suka zauna da Reinhard bayan yaƙin, Reinhard ya yi mishi tayin babban muƙami, Yang ya ƙi, ya nuna mishi cewa shugaba irin Reinhard sai a yi ƙarni ba a samu ba, kuma babbar illar mulkin mutum ɗaya ita ce jama'a na samun wanda za su jibga wa laifi su wanke hannunsu. Sannan ga abun da Tanaka ya dasa tun shafukan farko, shi kanshi Rudolf wanda ya kafa wannan muguwar daula, ba da tankar yaƙi ya hau ba, tsohon soja ne gwarzo da jama'a suka zaɓa da ƙuri'arsu dan sun gaji da lalacewar 'yan siyasa suna neman mai ƙarfi ya zo ya share musu gida. Ya share ɗin, daga baya ya naɗa kanshi sarki ya kafa dokar kawar da naƙasassu da marasa ƙarfi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Shi ma Reinhard ɗin hannunshi da jini. Lokacin da wani basarake zai jefa wa talakawan wata duniya mai suna Westerland nukiliya, mutum miliyan biyu, Reinhard ya samu labari, mashawarcinshi Oberstein ya ce a bari a jefa a ɗauki hoto dan jama'a su tsani masu sarauta, kuma aka jefa. Ya ci riba a siyasa, amma abun ya shiga tsakaninshi da amininshi Kircheis, wanda ya mutu a ƙarshen littafi na biyu yana kare shi. Ƙarshe Reinhard ya mutu da ciwo yana ɗan shekara 25 ya bar jariri a kan gado. To wa ya ba da tabbacin jaririn zai gado halin uban?

Ra'ayina Baba, kuma ka yafe min in na yi tsaurin ido, Tanaka ya yi wa ɓangarenka alfarma ne ma, ya baku shugaba mafi kyau da za a iya mafarki, ya bai wa dimokuraɗiyya mafi lalacewar 'yan siyasa, dan a ga ko a haka ma akwai abun karewa. Mu kuwa a garin nan ne aka wayi gari 15 ga Janairu 1966 da harbe-harbe a gidan Sardauna, inda Gidan Arewa yake yanzu, kuma daga ranar zuwa 1999 duk wanda ya zo da kaki da jawabin gyara ya zo. Kai ka fi ni sanin abun da ya biyo baya, kana ciki ni ina ɗan makaranta. Ban ce maganar abinci da tsaro ƙarya bace, ni ma cefane nake yi.

Tambaya ta uku, daga wata malamar Islamiyya a Rigasa: Malam, 'yata na kallon wani mai suna Arslan, na ji sunaye irin na Farisa da rawani da raƙuma. Labarin Musulmi ne? Ya dace da yara?

Malama, Allah ya saka da alheri da kika tambaya kafin ki yanke hukunci. Shi ma na Tanaka ne, Arslan Senki, ya fara shi 1986. Ba labarin Musulmi bane. Ƙasar da ya ƙirƙira, Pars, ya gina ta ne a kan Farisa ta kafin zuwan Musulunci, da allolinsu na da irin su Mithra, maharan da suka zo daga yamma da sunan addini kuma, mutanen Lusitania, sun yi kama da mayaƙan Salibiyya. Sunan Arslan kalmar Turkanci ce mai nufin zaki, kuma akwai wani tsohon labarin Farisa na ƙarni na 19 mai suna Amir Arsalan da wani mai hira ya riƙa ba Sarki Nasiruddin Shah da dare, can aka samo sunan. Mugun labarin kuma, Zahhak mai macizai biyu a kafaɗa da ake ciyarwa da ƙwaƙwalwar mutane, daga Shahnama ta Firdausi ya ɗauko shi, wadda aka kammala a 1010. Kar wannan aro ya baki mamaki, haka Abubakar Imam ya yi a Magana Jari Ce, ya kwaso daga Larabawa da Indiya da Turai ya sa musu babbar riga, haka Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa asalinshi jarumin Rasha ne.

Arslan yarima ne ɗan shekara 14, yaƙinshi na farko aka ci amanar babanshi aka tarwatsa rundunarsu, babban birni ya faɗi, ya tsira da bawan Allah ɗaya, jarumi Daryun, daga nan ya fara tara mutane. Wurin da ya fi tsaya min a rai shi ne inda aka kashe wani hakimi maci amana, yaron ya ruga da murna wurin bayin hakimin ya ce musu kun 'yantu, su kuwa suka ɗauko makamai suka yo kanshi, wai ya kashe musu ubangida mai basu abinci. Mashawarcinshi Narsus dama ya san haka zata faru, dan shi ma ya taɓa 'yanta nashi bayin suka cinye abun da ya basu suka dawo. Wannan darasi ne da ko manya za su zauna su tattauna.

Maganar dacewa kuwa ba zan yi miki kwana-kwana ba. Akwai sare kawuna da jini, akwai tsafi da bokaye, akwai shan giya, kuma akwai wata jaruma Farangis da masu zanen katun suka yi wa shigar da ba zaki so 'yarki ta gani ba. In yarinyar bata kai sakandare ba ni dai ban bada shawara ba, in ta girma kuma ki zauna ku kalli kashi biyu tare ki gani da idonki. Kuma tunda ke malama ce bari in ƙara miki wani abu da ni kaina ke damuna da Tanaka, kusan duk inda masu addini suka taru a labaranshi to mugaye ne ko mahaukata, a wancan na taurarin ma wata ƙungiyar masu bautar duniyar Ƙasa ce ta kashe Yang yana ɗan shekara 33. Mutumin da ya iya nuna kirki da sharri a jikin kowane janar, da ya zo kan masu ibada sai alƙalaminshi ya dushe.

Tambaya ta huɗu, daga wata marubuciya a Unguwar Rimi: Kawu ni ina rubuta littafi ina sakewa a WhatsApp, na tsaya wata huɗu saboda haihuwa, masu karatu sun ishe ni da gori har da masu cewa na ci musu kuɗi. Su manyan marubutan waje suna fuskantar haka?

'Yata, barka da sauka lafiya, Allah ya raya. Wata huɗu? Zo ki ji. Arslan ɗin nan da aka fara 1986 sai Disamba 2017 ya kammala shi, littafi 16 a shekara 31, wanda ya fara karantawa yana sakandare ya gama yana da surukai. Tsakanin na 10 da na 11 kawai shekara shida ne, 1999 zuwa 2005, har kamfanin ɗab'in ya canza daga Kadokawa zuwa Kobunsha. Wani labarin nashi mai suna Tytania ya fitar da na uku a 1991, na huɗu bai fito ba sai 2013, shekara 22 cur, ya rufe da na biyar a 2015. Akwai kuma Sohryuden, labarin wasu 'yan'uwa huɗu maza da ke rikiɗa su zama dodannin nan na tatsuniyar Sin, an fara 1987 aka gama 2020. Matsalarshi buɗe labari da yawa lokaci ɗaya, ga kuma littattafan tarihin Sin da yake ta rubutawa a gefe, tukunya biyar a murhu ɗaya. Masu karatunshi sun yi gori sun gaji, kuma dama sun laƙaba mishi suna mai nufin Tanaka mai kashe kowa, dan da ka fara son jarumi sai ya aika shi lahira.

Amma kar ki ce Kawu ya baki lasisi. Shi littafi ake bugawa, wanda ya fito shi zaka saya, babu wanda ya biya kuɗin na 16 tun 1986. Ke kuwa in kin karɓi kuɗin mutane na cikakken labari to bashi ne a wuyanki, ki fito ki gaya musu gaskiya, ga halin da nake ciki, ga ranar da zan dawo, wadda bata iya jira ga kuɗinta. Kuma ni a ganina aikinshi da ya fi kowanne ƙarfi shi ne wanda ya zauna ya gama a shekara biyar yana da jini a jika, dan da yawa daga masu karatun Arslan sun yi ƙorafin ƙarshen ya zo a gurguje, ana ta zubar da jarumai kamar ana sauri a rufe shago. Labari in ya daɗe a ajiye yana hucewa kamar tuwo, kina da jego ki riƙa rubuta ko layi biyar ne a waya in jaririn ya yi barci.

Tambaya ta biyar, daga wani mai gyaran waya a Kasuwar Barci: Kawu a ina zan samu littattafan, kuma akwai irinsu da Hausa?

Na taurarin duka goma an fassara su zuwa Turanci, wani reshen kamfanin Viz Media mai suna Haikasoru ya fitar da su daga 2016 zuwa 2019, ana sayen su a intanet a karanta a waya, in kana da wani mai dawowa daga waje kuma ka roƙe shi ya riƙo maka na takarda. Turancin ba mai wuya bane, sunayen Jamusawan ne za su karya maka harshe. Arslan kuma ka nemi littafin zane da Hiromu Arakawa ta fara a 2013, matar nan da ta yi Fullmetal Alchemist, shi ma akwai shi da Turanci, kuma a kanshi aka gina katun ɗin 2015.

Da Hausa kuwa, tafiya sararin samaniya ba baƙuwarmu bace, Umaru Dembo ya rubuta Tauraruwa Mai Wutsiya tun 1969 aka buga a Zariya, shekara 13 kafin Tanaka ya fitar da nashi. Ka leƙa wurin masu sayar da tsofaffin littattafai ko ka tambayi wani malamin Hausa na sakandare. In ka samu kwafi biyu ka ajiye min ɗaya, nawa wani ya ara tun kafin in yi aure, kuma in na zo karɓa zan taho da wayar nan ka duba min bakin cajinta.